Yadda Ake Riƙon Yaran da Aka Ɗaure Iyayensu

Duk ranar da 'yan sanda suka tafi da magidanci, ko alƙali ya aika da uwar 'ya'ya gidan yari, hankalin dangi kan tattara ne kacokan a kan wanda aka tsare: wa zai nemo lauya, wa zai tsaya masa a beli, wa zai riƙa kai masa abinci. Yaran da aka bari a gida kuwa sai a ce musu su yi shiru, manya na magana. Sai an kwana biyu sannan wani zai lura cewa ƙaramin ya daina cin abinci, babbar kuma ta daina zuwa makaranta saboda girki da wanki sun dawo kanta. Wannan rubutu na kawu ne da goggo da kaka, da matar da aka bari da yara, da maƙwabci ko malamin makarantar da nauyin irin waɗannan yara ya faɗo masa babu shiri. Dokokin da zan ambata na Nijeriya ne, musamman arewacinta.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai riƙo ya sani tun kafin ya tsara komai. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin Nijeriya masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukunci ba, kuma babu mai iya faɗin ranar fitarsu. Mutum kan shiga gidan yari irin na Goron Dutse ko na Kuje ana cewa gobe zai fito, sai a yi ta ɗage zama har shekara ta zagayo. Saboda haka a yi addu'ar fitowa da wuri, amma a tsara rayuwar yaran tamkar zaman zai yi tsawo.

Mataki na farko: kwanakin farko

A daren farko, wani babba da yaran suka saba da shi ya kwana tare da su, a gidansu idan hali ya yi. Kada a kwashe su cikin dare a rarraba su gidaje, domin yaron da ya ga an tafi da mahaifinsa da ankwa, sannan ya farka a ɗakin da bai sani ba, tsoro biyu aka haɗa masa.

Washegari a tabbatar da inda aka tsare mutumin, da laifin da ake tuhumarsa da shi, da sunan jami'in da ke riƙe da binciken. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ta ɗora wa hukumar da ta kama mutum nauyin sanar da danginsa, kuma ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema. Wannan na biyun yana da muhimmanci ga gidan da ke da saurayi ko budurwa, domin bai halatta a ɗauki ɗa a ce sai ubansa ya fito ba. Idan hakan ta faru, a nemi lauya nan take ko a kai kuka ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Da zarar an samu ganin wanda aka tsare, kafin maganar shari'a ta cinye lokacin, a tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani game da yaran. Wane ne ke shan magani kullum, na amosanin jini ko asma ko farfaɗiya, kuma ina katin asibitinsa yake? Wane ne lokacin rigakafinsa ya kusa? Ina takardun haihuwa da na makaranta? Ana bin gidan kuɗin haya ko na makaranta? Uwa takan riƙe waɗannan bayanai a ka, ba a rubuce ba, shi ya sa ranar da aka tsare ta ake rasa su gaba ɗaya. Kada kuma a kai yara caji ofis ko zaman kotu na farko don a sa alƙali tausayi. Idan hoton kamun ya bazu a Facebook ko WhatsApp, a hana nuna shi a gabansu.

Mataki na biyu: a tsayar da mai riƙo guda ɗaya

Cikin makon farko dangin uwa da na uba su zauna, su fitar da mutum ɗaya da sunansa wanda yaran za su sani shi ne madogararsu. Muna yawan cewa ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne, amma yaron da aka bar wa kowa yakan kwana da yunwa kowa na zaton wani ya ba shi. Sauran dangi su ɗauki abin da za su iya: wannan kuɗin makaranta, wancan buhun hatsi, wata kuma ɗinkin Sallah.

Idan uba aka ɗaure, uwa ce ta fi cancanta, kuma taimakon da ya fi amfani shi ne a bar ta a ɗakinta da 'ya'yanta, a tallafa mata a can. Idan uwa ce aka ɗaure, fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke bi a arewa ya gabatar da kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, a jerin masu haƙƙin reno, alhali ciyarwa da tufatarwa suna nan a wuyan uba. Wannan jeri yana kashe gardama tsakanin dangi, amma bai ɗauke wa kowa duba halin gidan da za a kai yaro ba. A duba ko akwai wurin kwana da ya raba maza da mata, ko matar gidan ta yarda da zuciya ɗaya, ko akwai wanda yaran ke jin tsoro a gidan. A tambayi wanda ke tsare ra'ayinsa, domin ɗauri bai cire shi daga uba ko uwa ba. A tambayi yaran da suka yi wayo su ma, a keɓe.

Ra'ayina a nan mai ƙarfi ne: kada a raba 'yan'uwa sai idan babu wata hanya. Yaya da ƙanwarta da suka rasa uwa a tare, su ne ragowar gida ga junansu. Idan talauci ya tilasta rabawa, a zaɓi gidajen da ke kusa, a sa ranar da za su riƙa haɗuwa duk mako. Haka kuma akwai hanyoyi uku da dangi kan bi don sauke nauyi, kuma duk ukun yaron ne ke biyan kuɗinsu: tura namiji almajiranci garin da babu mai leƙa shi, ɗora wa mace tallan da zai hana ta aji, da gaggauta aurar da yarinya don a rage baki. Duk shawarar da ba za a yanke ba da uban yana gida, kada a yanke ta don ba ya nan.

Abin da aka amince a kai a rubuta shi, mai unguwa ko limami ko fasto ya shaida. Idan babu dangin da za su iya riƙo, ko rigima ta ƙi ƙarewa, a je sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar mata ta jiha. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 da dokokin jihohi, irin wadda Kano ta samu a 2023, sun ba hukuma da kotu ikon tsara riƙon yaro bisa abin da ya fi masa alheri.

Mataki na uku: a faɗa wa yaro gaskiya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi a baki, kuma shi aka fi tsallakewa. Abin da aka saba shi ne a ce Baba ya yi tafiya, ya tafi ci-rani, ko Umma tana asibiti. Masu faɗin haka tausayi ne ya sa su, ba mugunta ba, sai dai a unguwannin da gida ke jingine da gida babu sirrin da ke kwana uku. Yaron zai ji labarin a bakin sa'ansa a filin ƙwallo, ko a bakin wata a wajen ɗibar ruwa, kuma zai ji shi ne cikin gori. Ranar nan zai gane cewa uban yana kurkuku, ya kuma gane cewa mutanen da ya rage yana dogaro da su suna iya yi masa ƙarya. Na biyun ya fi wuyar gyara. Ƙaryar tafiya tana da wata illar: yaro kan tambayi kansa me ya sa wanda ya yi tafiya bai yi masa sallama ba, bai kuma taɓa kira ba, daga nan ya yanke cewa ba a son sa ne, ko shi ya yi laifin da ya kori uban.

A zaɓi lokacin da babu baƙi, ba dab da barci ba, ba kuma da safe ana shirin makaranta ba. Wanda yaron ya fi sakewa da shi ne zai yi maganar, a zaune kusa da shi. Ga ɗan shekara huɗu zuwa shida, gajeren bayani ya isa, kamar goggo ta ce: “Ɗana, Abbanku yana wani gida da hukuma ke ajiye manya idan ana binciken wata magana a kansu. Ba zai iya dawowa yanzu ba, ko da yana so. Yana cin abinci, yana barci, yana kuma tambayarku. Ni ce zan riƙa kula da ku.” Ga wanda ya kai shekara bakwai zuwa goma sha biyu, a kira wurin da sunansa, a bambance masa zargi da hukunci: idan ana jiran shari'a, a ce ana zarginsa, alƙali bai yanke ba tukuna, idan an yanke, a ce kotu ta same shi da laifi, ga adadin shekarun. Matashi kuwa a ba shi cikakken bayani gwargwadon abin da aka tabbatar, domin in ba a ba shi ba zai nemo a waya, tare da ƙarin gishirin da ke can.

Tambayoyin da yara kan yi ba su cika wuce huɗu ba: yana ina, me ya sa, yaushe zai dawo, wa zai kula da ni. Ta ukun ce tarko. Kada a ce kafin Sallah, kada a ce wata mai zuwa, matuƙar ba takardar saki aka gani ba, domin yaro yana ƙirga kwanaki, kuma kowane alƙawarin da ya wuce bai cika ba yana rage masa yarda. A ce masa: “Ba a sa rana ba tukuna, amma duk abin da muka ji za mu faɗa maka.” Sannan a cika wannan alƙawarin bayan kowane zaman kotu, ko da labarin bai wuce an sake ɗagewa ba.

A faɗa masa a fili, fiye da sau ɗaya, cewa ba laifinsa ba ne. Ga gidan Musulmi, Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama, ciki har da An'am da Isra'i, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma yara sun san Annabi Yusuf ya yi zaman kurkuku. Ga gidan Kirista, Ezekiyel 18:20 ya faɗi cewa ɗa ba zai ɗauki alhakin laifin mahaifinsa ba. Sai dai a yi hattara da labarin Annabi Yusuf, kada a yi amfani da shi don wanke wanda ya aikata laifi da gaske. Yaro yana iya riƙe gaskiya biyu a lokaci guda: mahaifina ya yi abin da bai dace ba, kuma mahaifina ne, ina son sa. Aikin mai riƙo shi ne ya bar masa duka biyun. Don haka kada a zagi wanda ke tsare a gabansa, kada kuma a ce masa “halin ubanka za ka ɗauko” ranar da ya yi ƙiriniya. Wannan kalma ɗaya tana iya zama a zuciyar yaro har ya girma.

Daga nan a taya shi shirya amsar da zai bai wa mutane, domin tambayar za ta zo. Yana da damar cewa “maganar gidanmu ce, ba na son yin ta,” ya wuce. A nuna masa mutum biyu ko uku da zai iya buɗe wa cikinsa ba tare da fargaba ba, don kada ya ɗauka an ɗora masa wani sirrin da zai ɓoye wa duniya.

Mataki na huɗu: makaranta

A bar yaro a makarantarsa ta boko da Islamiyyarsa in dai zai yiwu, domin ajinsa da abokansa su ne abin da bai canja ba a rayuwarsa. Mai riƙo ya je da kansa ya ga shugaban makaranta da malamin aji a keɓe, ya gabatar da kansa, ya bar lambar wayarsa, ya roƙi abu uku: a riƙe sirri, a tsawatar idan ana yi wa yaron gori, a kuma sanar da shi da wuri idan ya fara fashi ko karatunsa ya ja baya. Idan makarantar kuɗi ce kuma ba za a iya ci gaba ba, a nemi rangwame ko biya kaɗan-kaɗan. Idan bai yiwu ba, a karɓi takardar canjin makaranta a mai da shi ta gwamnati, inda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara na farko ya zama kyauta kuma dole. Kada a bar shi a gida da sunan sai zango mai zuwa. Wanda ke dab da kammala sakandare a tabbatar yana da lambar NIN, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita.

Mataki na biyar: kuɗi da dukiyar gida

A sayi littafi guda a riƙa rubuta duk abin da ya shigo da sunan yaran da duk abin da ya fita, da kwanan wata. Wannan littafi yana kare mai riƙo daga zargi, yana kuma kare yaran daga mai riƙon da zuciyarsa ta karkata. Shago ko gona ko babur ɗin wanda ke tsare nasa ne har yanzu. Kada a sayar da komai sai da izininsa a rubuce, kuma idan wani zai ci gaba da juya sana'ar, lauya ya rubuta takardar wakilci.

A raba kuɗin shari'a da kuɗin yara tun farko. Gidaje da yawa sun sayar da fili da kayan ɗaki sun miƙa wa wani da ya ce ya san alƙali ko yana da hanya a sama, kuɗin suka tafi, mutumin bai fito ba, yara suka bar makaranta. Duk kuɗin da babu rasit a kansa abin tuhuma ne, kuma belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Uwar da aka bari da yara ta fi buƙatar jarin da za ta juya a kan sadakar yini ɗaya, don haka idan dangi za su haɗa kuɗi, su haɗa mata na sana'a. A kai buƙata a rubuce ga hukumar zakka ta jiha, irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Sakkwato, da kwamitin masallaci ko na coci. Neman wannan taimako ba abin kunya ba ne, haƙƙin mabuƙaci ne.

Mataki na shida: ziyara da saƙo

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta tabbatar wa yaron da aka raba da iyayensa haƙƙin ci gaba da hulɗa da su, sai fa idan hakan zai cutar da shi. Mutane da yawa na ganin kai yaro gidan yari zubar da mutunci ne. A nawa ganin, abin da yaro ke ƙirƙirawa a ransa game da kurkuku yakan fi abin da zai gani muni, kuma ganin uban da ransa da lafiyarsa yana kwantar masa da hankali fiye da duk wani rarrashi.

Amma ziyara tana da tsari. Babba ya fara zuwa shi kaɗai, ya ga jami'in walwala na gidan, ya tambayi ranakun ziyara da sa'o'inta, da ƙa'idar shigar yara, da abin da aka yarda a shigar, domin kowane gida da nasa tsarin. Ya tambayi wanda ke tsare ko ya shirya ganin yaran, ya kuma roƙe shi kada ya cika su da kuka ko ƙorafin dangi ko alƙawarin fitowa. Sannan a tambayi yaron ko yana son zuwa. Idan ya ce a'a, a ƙyale shi, a sake tambaya bayan wani lokaci.

Kafin ranar, a kwatanta masa abin da zai tarar: doguwar katanga, babbar ƙofa, gandirobobi da kaki, bincike a bakin shiga, ajiye waya a waje, layi da jira, da cewa lokacin ganawar gajere ne kuma Baba ba zai biyo su gida ba. Wannan na ƙarshen a nanata shi ga ƙanana. A tafi da katin shaida, a ciyar da yaron kafin a fita, a riƙe ruwa. Idan an kai abinci za a bincika shi, galibi kuma a ce wanda ya kawo ya ɗanɗana. A ba yaron abin da zai nuna, kamar sakamakon jarrabawa ko surar da ya haddace, don kada a zauna ana kallon juna. Manya su ajiye maganar lauya da bashi zuwa tasu ziyarar. Kada kuma a taɓa ba yaro wani abu ya ɓoye ya shigar, komai ƙanƙantarsa.

Bayan an fito, yaro na iya yin shiru, ko kuka, ko faɗa da ƙannensa na kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba ya nufin ziyarar ta cutar da shi, zafin rabuwa ne ya dawo sabo. A bar shi ya huce, sannan a tambaye shi abin da ya gani da abin da ya ba shi tsoro. Ziyarar da ake yi a kan lokaci sananne, ko da sau ɗaya ne a wata, ta fi wadda ake yi a jere sannan a ɗauke ƙafa. Idan gidan ya yi nisa, wasiƙa ta hannun jami'in walwala tana aiki, kuma ana iya rubuta wa hukumar gidajen gyaran hali ta jiha roƙon a dawo da mutum kusa da iyalinsa.

Akwai inda duk wannan bai shafa ba. Idan laifin a kan yaron aka aikata shi, ko a kan ɗan'uwansa, ko uban ne ya kashe uwar ko ya nakasa ta, to ba a kai yaro ziyara don dangi su ce an yi zumunci, ba a kuma matsa masa ya yafe. Tsaronsa ne a gaba, kuma a nemi shawarar jami'in walwalar jama'a da likita kafin kowace irin hulɗa.

Mataki na bakwai: lura da halin da yaro ke ciki

Babban binciken da aka wallafa a Amurka a 1998 kan wahalhalun ƙuruciya ya lissafa ɗaure wani ɗan gida cikin abubuwan da ke iya bin mutum da illa ga lafiyarsa har girma. Wannan ba hukunci ba ne a kan kowane yaro. Abin da ya fi rage illar shi ne samun babba guda mai tsayawa tare da shi. Ƙanana kan koma fitsarin kwance, ko maƙale wa mai riƙo, ko firgita cikin barci. 'Yan firamare kan yi ƙorafin ciwon ciki da ciwon kai, ko su fara faɗa. Matasa kan janye daga mutane, ko su koma zaman majalisar da ake shaye-shaye. A kula musamman da yaron da ya yi shiru ya zama mai hankali fiye da shekarunsa, domin shi ake yabo, shi kuma ake mantawa. Babban ɗa kada a ce masa “yanzu kai ne uban gida”. A ba shi aiki daidai ƙarfinsa, a bar masa karatunsa da wasansa.

Duka ba ya maganin fitsarin kwance ko rashin ji irin wannan. Lokacin barci da na abinci su zama tsayayyu, kuma a ware ɗan lokaci kullum ana hira da yaro shi kaɗai. Idan alamun suka wuce wata guda suna ƙaruwa, ko ya daina cin abinci, a kai shi asibiti. Idan kuwa ya ambaci kashe kansa, a kai shi a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Addu'a da ganin likita ba sa hana juna.

Mataki na takwas: bin shari'ar don a gajarta rabuwar

Mutum ɗaya a dangi ya riƙe lambar ƙara, da sunan kotu, da ranar kowane zama, ya kuma riƙa halarta. Fayil ɗin da babu mai bibiya shi ne ke kwana a ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Legal Aid Council na jiharsa, hukumar da aka kafa a 1976 don kare marasa hali kyauta, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a ƙi karɓar mace a matsayin mai tsaya wa wani a beli don kawai ita mace ce.

A tabbatar lauya ya shaida wa kotu cewa wanda ake tuhuma yana da ƙananan yara a hannunsa, da shekarunsu. Sashe na 30 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ya buƙaci a fara duba hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da uwar ƙananan yara, kuma a 2013 kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya bayyana cewa wannan ya haɗa da duk wanda renon yaro ke hannunsa, ko da uba ne. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi irin waɗannan hukunce-hukunce, kamar aikin yi wa al'umma hidima da sakin talala. Idan hukuncin da zaɓin tara ne, a tambayi adadin a biya a kotu a karɓi rasit, domin mutane da yawa na zaune ne kan kuɗin da dangi za su iya haɗawa: a watan Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta sa aka saki fursunoni 4,068 bayan an biya musu tarar naira miliyan 585. Haka kuma babban jojin jiha yakan zagaya gidajen yari ya saki waɗanda zamansu ya wuce ƙa'ida, don haka a roƙi lauya ko jami'in walwala ya gabatar da sunan.

Idan uwar tana da ciki ko tana shayarwa, a sanar da jami'an gidan tun ranar shiga. Jariri kan zauna da uwarsa zuwa wajen wata 18, kuma dokar 2019 ta tanadi ɗakin renon jarirai a sashen mata. Dangi su riƙa kai sabulu da gidan sauro da abinci mai gina jiki, su bibiyi rigakafi, su yi wa jaririn rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wadda za ta karɓe shi ta riƙa zuwa tun watanni kafin yaye, tana ɗaukarsa, don kada a miƙa shi ga baƙuwar fuska rana ɗaya.

Mataki na tara: ranar dawowa

Idan ranar saki ta tabbata, a sanar da yaran da 'yan makonni, a kuma gaya musu cewa wanda zai dawo yana iya ramewa, ko yawan shiru, ko saurin fushi. Shi ma a shirya shi tun yana ciki: jaririn da ya bari yana iya ƙin zuwa hannunsa, yaron da ya bari a firamare ya zama saurayi mai ra'ayin kansa, matar kuma ta saba yanke shawara ita kaɗai. Kada ya shigo da tsawa don ya nuna har yanzu shi ne mai gida. Ya fara da raka su makaranta, da cin abinci tare, da sauraro. Idan akwai abin da ya kamata ya nemi afuwarsu a kai, ya nema da bakinsa.

Idan yaran suna hannun kaka ko goggo, kada a kwashe su a ranar. A fara da yini, sannan kwana ɗaya ko biyu, har a ga ya samu wurin zama da abin yi, kuma in ana tsakiyar zangon karatu a jira hutu. Dangi su taimaka masa da jari ko aiki, musamman idan ya koyi ɗinki ko kafinta a ciki, ko ya yi karatu a cibiyoyin da jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, ke da su a wasu gidajen. Mai riƙo ya miƙa masa littafin kuɗi da takardun yara da katunan asibiti a gaban shaidun da aka yi zaman farko da su, sannan ya ci gaba da leƙa yaran a kai a kai na aƙalla wata shida, domin a wannan lokacin ne ake gane ko gidan ya daidaita ko akwai buƙatar dangi su sake zama.